Giɓi a Shingen Burtali

A garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ba wanda ya taɓa ɗaukar cindazugu a bakin komai. Itacen shinge ne kawai. Akuya ba ta cinsa, saniya ba ta ko kallonsa, in ka karya reshe ruwansa ya ɗiga a rigarka to kai da wannan tabon sai rigar ta tsufa. Shi ya sa da aka haƙa kanal aka kawo mana ruwan noman rani, iyayenmu suka dasa shi sahu biyu tun daga bayan gari har bakin ruwa, suka cusa ƙaya a tsakankanin itatuwan, suka bar hanya a tsakiya domin shanu su bi su sha ruwa ba tare da sun taɓa gonar kowa ba. Wannan hanyar ita ce burtali.

Shanun da suke binta na wani dattijon Bafulatani ne da muke kira Baffa. Rugarsa ta girme ni a bayan garinmu. Yana noma geronsa, yana sallar Juma'a a sahu ɗaya da mu, kuma aminin Baba ne ƙwarai. Saniyar Baba guda ɗaya tana cikin garkensa, amana. Idan an gama kaka sai ya kawo shanunsa gonarmu ta tudu su ci kara su bar mana taki, ba a taɓa yin ciniki a kan haka ba. Tun da na fara koyarwa a firamare yake kirana Malam ƙarami, yana tsokanata wai alli ya cinye mini ƙarfin hannu.

Shekarar da na yi aure wasu 'yan kamfani suka zo daga birni a farar mota, suka ce wannan cindazugun da muke rainawa mai ne a cikin 'ya'yansa, man da mota za ta sha ta yi gudu. Suka ce duniya ta gaji da hayaƙin fetur, kuma duk abin da muka noma za su saye. Da yake ni ne mai ɗan Turanci a kusa, ni na yi musu tafinta a ƙofar gidan dagaci. Kafin a tashi har na fi su iya yabon abin. Suka damƙa mini aikin rainon dashe a bakin kanal, a samu abin dasawa kafin damina, suka ba ni wata hular kamfani mai baki. Da ita nake zuwa makaranta, da ita nake zuwa kasuwar Bunkure, saura kaɗan in shiga masallaci da ita.

Irin da suka kawo rabinsa bai tsiro ba. Na rasa yadda zan yi, ga makon da za su dawo dubawa ya kusa. Na san in ka sari reshen cindazugu ka kafa a ƙasa mai laima kamawa yake yi, kuma na san inda manyan rassa suke. Wata Asabar da hantsi, mutane duk sun tafi ban ruwa can gangare, na ɗauki addar Baba na nufi burtali. Addar nan kowa ya san ta a gari, domin Baba ya naɗe ƙotarta da jar robar tayar keke. Inda shingen ya fi kauri nan na tsaya, kuma wurin daidai gonar alkamar surukina ne, mahaifin amaryata. Na ce a raina ai rassa kaɗan ne, damina na zuwa zai toho. Ina sara ƙayar da aka cusa tana zubewa, ban ankara ba sai ga giɓi wanda amalanke zai wuce ta ciki. Na ce zan dawo da yamma in toshe. Na ɗaure rassan a bayan keke na tafi ina murna, har na manta addar a gindin shinge. Da yamma kuwa abokai suka ja ni kallon ƙwallo.

Washegari shanun Baffa suka zo wucewa da rana tsaka, ga alkama kore shar ta fara fitar da kai. Shi yana baya yana kora masu nawa, na gaba suka ga ƙofa a buɗe. Kafin tsoho ya zagayo ya fitar da su sun gama da rabin gonar.

Aka zauna a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Dokar garinmu a kan haka sananniya ce: in shanu suka fasa shinge laifin makiyayi ne, in kuwa wani ne ya buɗe shingen to laifin nasa ne. Surukina mutum ne mai zafin rai, ya yi ta faɗa. Baffa ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, shanuna sun ci, ban musa ba. Amma saniya ba ta yanka itace sumul. Sara ne."

Dagaci ya ce, "Wa ya sara? Ka ga mutumin?"

Ina zaune a gefen tabarma kusa da Baba, hular nan a gwiwata. Baffa bai ɗago ya dube ni ba. Ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Ban zo in kama sunan kowa ba, ranka ya daɗe."

Sai wani daga baya ya ce ai su Baffa ne suka sara da kansu don shanunsu su ƙoshi, wuri ya ɗauka. Kalma huɗu ta ishe ni in kashe maganar, in ce ni ne na sara. Na gaya wa kaina cewa ba a ɗaga murya a gaban suruki, ba tarbiyya ba ce. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro ne ya kama ni, kada a ce malamin makaranta, wakilin kamfani, ango, shi ne ɓarawon shinge. Na sunkuyar da kai, mutane suna ganin ladabi nake yi.

Aka yanke cewa a rufe burtali har a gama girbin rani. Kowa ya san ba za a sake buɗe shi ba, domin masu gonakin gefe sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan wannan tsirin ƙasar. Ga kuma 'yan kamfani suna neman filin da ba a nomawa, kuma filin da ba a nomawa a wurinmu shi ne inda shanun Baffa suke kiwo, inda mata suke tsinko tafasa da itacen girki. Dashen da na yi raino a can aka kai shi. Baffa ya jure wata biyu yana zagaya da shanu ta bakin kwalta zuwa wani mashayi mai nisa, har ƙasusuwansu suka fito. Daga nan muka ji zai tashi.

Ranar tafiyarsa da safe ya koro saniyar Baba da 'yan maruƙanta biyu har ƙofar gidanmu. Suka daɗe a zaure shi da Baba. Baba ya fito idonsa ja, ya ce in taka wa Baffa. Muka yi tafiya har inda burtali ya fara, an riga an toshe bakinsa da ƙaya. Nan ya tsaya ya zaro wani abu daga cikin rigarsa, naɗe a buhun taki.

Ya ce, "Malam ƙarami, ga addar babanka. A gindin shinge na tsince ta ranar da abin ya faru. Ka mayar masa inda yake ajiyewa, kada ka ce komai."

Na ce, "Baffa, ranar shari'a tana ina?"

Ya ce, "Tana nan a jikina." Ya ɗan yi murmushi. "Na wasa masa ita, ka dakushe ta. Ba a saran ɗanyen itace ta gindin kaifi."

Na buɗe baki in nemi gafara, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ya dafa kafaɗata ya ce in koma gida rana na yi, ya bi bayan shanunsa.

Cindazugun ya yi 'ya'ya bayan shekara biyu, 'yan kaɗan, domin ashe shi ma yana son ruwa da taki kamar kowace shuka. Farar motar ta zo sau biyu, daga nan ba mu sake ganin ta ba. Mata suka tara 'ya'yan a buhuna har ɓera ya ƙi su. Gonarmu ta tudu kuwa, da ta daina samun kashin shanu, dawarta ta riƙa fitowa siriri, rumbun da yake kai mu wata damina ya fara ƙarewa tun bazara.

Baba ya rasu yana cewa mutanen gari sun zalunci amininsa, bai taɓa sanin cewa da addarsa aka yi ba. Sau da yawa na zauna kusa da shi da niyyar in faɗa, sai in ɓuge da zancen farashin taki. Na yi cigiyar Baffa a kasuwannin shanu, wani ya ce ya yi kudu, wani ya ce Allah ya yi masa rasuwa. Addar tana ɗakina har yau, jar robar ta fara tsagewa. Ban sake sara komai da ita ba, kaifin da ke bakinta wanda Baffa ya yi mata ne.