Iya Allura da Baƙin Gefen Littafi

Ɗakin karatun makarantar firamaren da ke bayan layinmu bai fi shago girma ba. Taga ɗaya gare shi, da kanta huɗu na katako, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo. A kan teburin nan Iya Allura ta yi shekara ashirin da shida tana ɗinke littattafan yara.

Ba don wannan aka ɗauke ta aiki ba. Tela ce a da, har idonta ya gaji da bin baƙin zare a kan baƙin yadi. Sai ta bar wa ƙanwarta keken, ta samu aikin shara a makarantar. Tana shara tana tsintar shafuka a ƙarƙashin benci, ranta bai ba ta ta zubar ba. A lokacin ba ta iya karatu ba, amma ta san lamba tun daga awon kaya. Da lambar shafi da faɗin takarda take mayar da kowanne gidansa, ta huda da basilla, ta ɗinke da farin zare mai kauri. Yara suka sa mata sunan da ya bi ta. Karatu ya zo mata daga baya, a ajin manya na yamma, kuma har yau da yatsa take bin layi.

Na san ta ne bayan na dawo gida daga karatun shekara tara a wata ƙasa mai nisa, inda na koyi yadda ake koya wa yara karatu. Hedimasta abokin yayana ne. Ya ce an yi wa makarantar kyautar sabbin littattafai kwali shida, ranar Litinin za su iso, ga shi babu wurin ajiye su. Ya roƙe ni abu biyu: in rage tsofaffin har su koma kanta ɗaya, sannan in rubuta wa iyaye jerin littattafan da suka dace da kowane aji. Abin da na fitar, ran Asabar za a ƙone.

Na yi yadda aka koya mini. Duk wanda ya yage ko ya yi dauɗa ko ya sha ɗinki na jefa a buhu, masu tsabta na jera a kanta. Iya tana zaune tana murza zare a kan kakin zuma, sai da na cika buhu na uku ta ɗago kai.

"Malama, sannu da aiki. Waɗannan na buhu ina za su?"

"Sun gama yawo, Iya. Dubi wannan, ko bango babu."

"To waɗanda kika bari fa?"

"Lafiyarsu ƙalau. Kamar ba a taɓa taɓa su ba."

"Ai ba a taɓa ɗin ba," in ji ta.

Ta taso ta zaro ɗaya daga cikin masu tsabtan, ta riƙe shi a rufe, ta juyo mini gefen da shafuka ke haɗuwa. Wani siririn baƙi ya bi 'yan shafukan farko, daga nan fari fat har ƙarshe.

"Nan hannun yara ya tsaya. Shafi goma sha biyu, kowa ya ajiye."

Ta sa hannu a buhu ta ciro wani, labarin wata akuya da ta shiga motar haya. Gefensa baƙi ne tun daga farko har ƙarshe, a tsakiya ma har yana ƙyalli. Ta saki littafin a kan tebur, ya buɗe da kansa daidai inda akuyar ke cin tikitin kwandasta.

"Nan suke dannewa su nuna wa juna. Sau huɗu na ɗinke wurin nan. Ni fa tela ce, ɗiyata. Rigar da aka kawo mini gyara sau uku, ita mai ita ke so. Wadda ba a so tana ƙasan akwati da karin gugarta."

Na zauna a kan buhun, ta yi ta ciro su tana karanta mini jikinsu. Wanda aka tauna wa kusurwa na 'yan aji ɗaya ne, masu son hoto babba da magana mai maimaituwa, su riƙa amsawa kamar waƙa. Wanda ya kumbura da ruwa an tafi da shi gida, an karanta a bakin wanke-wanke. 'Yan aji uku da huɗu sun cinye labarin wasu tagwaye da suka yi musayar aji, da duk wani labari da ƙaramin ciki ke yi wa babba wayo. 'Yan aji shida kuwa, waɗanda na ɗauka dogon bayani a kan halin kirki ya kamace su, sun fi goge labarin wata yarinya da ta ɓace a tashar jirgi ta nemo hanyar gida da kanta.

Na tambaye ta yadda take zaɓa wa yaro littafi. Ta ce ba ta tambayar aji. Takan ce, "Wa ya ba ka haushi yau?" Daga amsar take sanin inda za ta miƙa hannu. Sai ta ce masa ya kai shafi na ashirin, in labarin bai kama shi ba ya dawo da shi, ba faɗa.

Muka tafi ofishin Hedimasta tare, ita da littafin akuya a hannu.

"Haba Iya," ya ce yana dariya, "so kike masu duba makarantu su zo su tarar da tsumma a kanta?"

"Ranka ya daɗe, tsumman nan shi ya koya wa malamanka biyu karatu. Kira su ka tambaya."

"Na yarda. Amma ɗaki ba roba ba ne da zan ja shi ya miƙe. Kanta ɗaya na ce, kanta ɗaya ce. Ki cika ta da abin da kika ga dama."

"Sauran kuma ba wuta. Yara su tafi da su gida."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Wa ya isa ya ja da ke? Ku tafi."

Kantar ba ta ɗaukar fiye da casa'in, littattafan da ta ɗinke kuwa sun haura ɗari biyu. Kwana biyu ta yi tana tacewa, tana duba gefe, tana auna biyu a hannu kamar mai sayen kaza. Duk wanda ta ɗora a kanta na rubuta shi a jerin iyaye. Da na so in cusa wani mai tsabta saboda darasinsa, sai ta ce in sa, amma in rubuta a gabansa cewa babba ne zai karanta wa yaro, kada a bar shi da shi shi kaɗai.

Ran Juma'a da hantsi wurin littafi ɗaya ya rage, biyu kuma na hannunta. Ɗaya ɗan siriri ne marar bango, na kacici-kacici, duk ya yi laushi kamar tsohon zane. Ɗayan mai kauri ne, an yi masa riga da shuɗin yadi, ɗinkin a jere kamar na keke. Labarin wata tsohuwa ne da ke rubuta wa ɗanta wasiƙu. Ta ce shi ne littafi na farko da ta karanta har ƙarshe da kanta, wata biyar ta yi a kansa.

Ta juya gefensa ta daɗe tana kallo. Akwai ɗan duhu har ƙarshe, amma a wuri ɗaya, daidai faɗin babban yatsa guda.

"Wannan baƙin nawa ne ni kaɗai," ta ce. "Shekara ashirin ina tura wa yara, suna dawo mini da shi washegari, su ce sun gode. Ashe kunyata suke ji."

Na ce a matsa kaɗan, wataƙila duka biyun su shiga. Ta gwada, katakon ya ƙi. Ba ta sake gwadawa ba. Ta zura na kacici-kacicin a gurbin, ta daidaita shi da tafin hannu, ta sa mai shuɗin yadin a jakarta.

"Rubuta casa'in, Malama," ta ce. "Ki je ki ce wa 'yan aji ɗaya su yi layin karɓar sauran littattafan, ƙanana a gaba."