Tsintsiyar Hannun Sufeto Haladu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Azumi, wadda ta yi daidai da 21 ga Afrilun 2021, Allah Ya karɓi ran Sufeto Haladu Sabo Birnin Kudu a wani asibiti a nan Doha, bayan jinyar mako biyu da wannan annoba ta korona. Da hantsi aka kira ni, ina tsaye a bakin aiki. Na ce wa mai kiran to, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da awon zafin jikin masu shiga kamar ban ji komai ba. Sai da wata dattijuwa ta tsaya tana kallona sannan na san takunkumin fuskata ya jiƙe.

Oga, ga shi an yi bakwai, amma har yanzu bakina ya ƙi ce maka marigayi. Don haka zan yi maka magana yadda na saba, ni Uwais, kurtun da kake cewa hannunsa ya fi na mai zazzaɓi rawa.

A filin harbi na makarantar horon 'yan sanda na fara saninka, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Kai ke koyar da ƙaramar bindiga, ni kuwa ɗan Azare ne da bai taɓa riƙe abin da ya wuce danƙon harbin tsuntsu ba. Bindigar da kake koyar da mu da ita tsohuwar libarba ce mai gidan harsashi shida. Baƙinta ya koɗe, ƙotarta ta katako ta yi sulɓi da gumin kurata. Goggo kake kiranta, wai don ta girmi duk wanda ke filin, kuma ba ta ɗaukar raini.

Ranar farko ka miƙo mini ita ka ce babu komai a cikinta. Na karɓa bakina har kunne, na juya zan nuna wa na kusa da ni. Ban ankara ba sai na ji ka cafke tsintsiyar hannuna ka mayar da bakin bindigar ƙasa. Ka buɗe ta a gaban kowa, sai ga harsashi zaune a gida ɗaya.

"Wa ya ce maka babu komai?"

Na ce, "Kai ne, Oga."

"Ni na faɗa. Kai ka duba?"

Na yini ina tsallen kwaɗo a rana, ina tsine maka a zuci, Allah Ya yafe mini. Sai daga baya na gano kwanson harsashi ne da babu komai a cikinsa, kuma kowane sabon kurtu sai ka ɗana masa wannan tarkon. Ka ce ko mahaifinmu ne ya miƙo mana bindiga ya rantse babu harsashi, mu ce to Baba, mu buɗe mu duba, gani ya kori ji. Ka ce kada bakinta ya taɓa kallon abin da ba mu yi niyyar kashewa ba, ko da wasa, domin harsashin da ya fita ba ya jin kira.

Da aka zo harbin gaske, hannuna ya yi ta rawa har kurata suna dariya. Ba ka yi mini tsawa ba. Ka zo ta bayana ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin tsintsiyar hannuna, ka ce in numfasa, in lallaɓa kunamar kada in fizge ta. Goggo ta yi ƙara, ƙura ta tashi a tudun yashi, nesa da allon. Ka ce ba laifi, yashin ma ya daɗe yana neman magana. Na biyu ya shiga allon. Na harba bindigogi da yawa bayan wannan, waɗanda suka fi ta kyau da sauƙi, amma babu wadda nake tuna nauyinta a tafina sai ita.

Da ka ajiye aiki ka taho Doha gadi, ba ka manta da ni ba. Kai ka yi ta yi mini hanya wajen kafil ɗinku, wato ubangidan da ya ɗauke ku aiki, har na samu biza, kai ka tare ni a filin jirgi, kai ka bar mini gadon ƙasa a ɗakinmu na unguwar Najma ka hau na sama da gwiwarka mai ciwo. Mu shida ne a ɗakin, kuma babu wanda bai ci miyar kukarka ta ranar Juma'a ba. A nan ɗan gadi ba ya riƙe bindiga, sai rediyo da usur. Kakan ce da Goggo za ta ganmu muna nuna wa mutane hanyar banɗaki, da ta yi kuka. Duk da haka ko kofin shayi ka ɗauka, manuniyarka a miƙe take a gefensa, yadda ka saba ajiye ta nesa da kunama.

Da annoba ta zo, aka raba mana na'urar awon zafin jiki a ƙofar babban kantin da muke gadi a Mansura. Farar roba ce mai ƙota da kunama, aka ce mu riƙa saita ta a goshin duk mai shiga. Ka juya ta a hannunka, ka ajiye. Ka ce shekara ashirin kana hana yara nuna wa mutum bakin bindiga, ba za ka tsufa kana nuna wa mata da ƙananan yara shi a goshi ba. Sai ka riƙa cewa mutum ya miƙo hannu, ka auna a tsintsiya, bakin na'urar yana kallon ƙasa. Mai kula da mu ya yi ta yalla, yalla, wato maza-maza da Larabcinsu, a goshi aka ce. Ka ba shi haƙuri, amma ba ka sauya ba. Aka mayar da kai wurin ajiye motoci a tsakiyar zafin garin nan, ka yi wata guda a can ba ka ce uffan ba, har ƙarancin ma'aikata ya sa aka dawo da kai. Ni na ji tsoron wurin motocin, na ci gaba da goshi. Sai dai in kai ne ka zo shiga, hannu kake miƙo mini, ni kuma ban taɓa iya ɗaga ta sama ba.

Shekara uku rabonka da gida. Hutunka na farko annoba ta cinye shi. Bana aka ba ka wata guda, ka ce za ka yi azumi a gaban Inna Ajaratu, mahaifiyarka, wadda tsufa da ciwon ƙirji suka zaunar. Za ka kuma ga Na'ima, autarka, da aka haifa bayan tahowarka, wadda a waya kawai ta san fuskarka. Ka ce daga nan ka dawo mu yi gadin filin ƙwallo in Gasar Duniya ta zo, sannan khalas, shi ke nan, ka koma gona. Ka yi gwajin da ake buƙata kafin tafiya, takarda ta fito ba ka ɗauke da komai. Akwatinka a ɗaure yake, da dabinon Inna da takalman Na'ima babba da ƙarami, don ba ka san girman ƙafarta ba.

Ranar tafiyar da safe ka biyo ta wurin aiki yi mana sallama. Ni ke ƙofar ma'aikata. Ka miƙo hannu kana murmushi, na riƙe tsintsiyar na auna. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Na auna ɗaya hannun, ja. Tun kafin na duba ma na ji zafin a yatsuna.

Na ce, "Oga, rana ce ta buge ka. Ai takardarka tana aljihu. Ka sha magani ka wuce, babu wanda ya gani."

Ka dube ni ta saman takunkumi ka ce, "Takarda ta faɗa shekaranjiya. Kai yanzu ka duba, me ka gani?"

Na sauke na'urar. Ka ce, "Uwais, so kake in je in nuna wa Inna bakin bindiga?"

Ka zare hannunka a hankali, ka ja da baya, ka zauna a kan dakalin waje nesa da kowa, ka ce in kira motar asibiti. Ni na kira. Da yamma jirginka ya tashi kana wurin killace masu cuta a Umm Salal, kwana uku bayan haka aka wuce da kai asibiti. Ban sake ganinka ba. A nan aka binne ka, mu ƙalilan a sahu, tsakanin kowa da kowa akwai tazara.

Oga, zuciyata ta karye. Na san rai da ajali, na san abin da ka zaɓa shi ne daidai, kuma mutum nawa ne a jirgin nan da gidan nan da ba su san ka tsare su ba. Amma akwai lokacin da nake cewa da na fi ka taurin kai, da ka cika a ɗakin mahaifiyarka. Hannuna ya koma rawa irin ta ranar harbina na farko, kuma babu mai sa yatsu a ƙarƙashinsa.

Na daɗe ina jin tsoron kiran Inna. Jiya matarka Haulat ta haɗa ni da ita, na gaya mata komai, har da cewa ni na kira motar asibiti. Sai Inna ta tambaye ni ko ni ne na ƙarshe a cikin naka da ya taɓa jikinka. Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "To ɗan nan, in ka dawo ka biyo ta Birnin Kudu, ka kawo mini hannun in riƙe."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ajaratu, da Haulat, da Na'ima da yayyenta, da 'yan ɗakinmu na Najma, da duk kurtun da ya taɓa yin tsallen kwaɗo saboda Goggo. Allah Ya jiƙan Sufeto Haladu, Ya yafe masa, Ya sa zazzaɓin da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya kawar da cuta daga bayinKa, ya Allah Ka kawar da wuta daga gare shi, Ka sanyaya kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah Ya ara mini rai, Ya tsare mini hannun nan har in kai wa Inna. Amin.