Injiniya Sanobar Holmatova da Wayoyin da Aka Juya

Haihuwa da asali

A birnin Kokand na ƙasar Uzbekistan Sanobar Holmatova ta zo duniya, cikin watan Afrilu na shekarar 1949. Mahaifinta, Ismat Holmatov, ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai kula da wayoyin tasha, mahaifiyarta kuwa, Zulhumor, masaƙiyar alharini ce. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma tun tana ƙarama aka shaide ta da kaifin basira da rashin iya haɗiye magana.

Neman ilimi

Bayan ta kammala sakandare a shekarar 1966, ta samu gurbin karatun injiniyan lantarki a Tashkent. Ta isa birnin watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa ta rushe tsakiyarsa, don haka rabin shekararta ta farko ya tafi ne tsakanin darasi da kwasar bulo. Ta fita da sakamako mafi daraja a shekarar 1971, aka tura ta wata masana'antar kayan awo da ke gefen birnin.

Aure da zuriya

A masana'antar ta haɗu da Rawshan Kasimov, injiniya mai fara'a wanda ya fi ta iya zama da manya. An ɗaura aurensu a shekarar 1973. Yayin da ita ta duƙufa a ɗakin zane, shi yana hawa matakan muƙami, har ya zama shugaban sashen ƙira. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Feruza, Jasur da Nodira.

Ƙera Laylak

A shekarar 1985, da hukuma ta wajabta koyar da ilimin kwamfuta a makarantu, aka ɗora wa masana'antar alhakin samar da na'urar ɗalibai, aka kuma damƙa jagorancin zanen a hannun Sanobar. A wancan zamani kowace masana'anta da irin kwamfutarta: faifan wannan ba ya karantuwa a waccan, injin buga takardar wannan ba ya shiga soket ɗin waccan, malamai suna ta fama. Ita kuwa ta kafe a kan cewa tata na'urar za ta bi tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya, ta yadda makarantar ƙauye za ta jona duk injin bugawar da ta samu, ko daga ina ya fito. Ta raɗa mata suna Laylak, wato shamuwa. Samfurin farko ya ci dukan gwaje-gwaje a bazarar 1986.

Da kakar wannan shekara ta kama, aka kwashi injiniyoyi zuwa tsinkar auduga kamar yadda aka saba, har da ita. Masu muƙami irin su Rawshan ba sa zuwa gona. Ta dawo bayan wata biyu da fasassun hannuwa, ta tarar an soma ƙira, kuma an sauya wa wayoyi biyu wuri a cikin soket ɗin injin bugawa, ɗaya daga cikinsu mai ɗauke da wuta. Injin da masana'antar ke yi da kanta shi kaɗai zai yi aiki. Filogin kowane inji dabam zai shiga daram, amma da an kunna sai allon kwamfutar ya ƙone.

Ta iske mijinta a gida yana yanka karas na dafa-duka.

"Baban Feruza, wa ya taɓa mini zane?"

"Zauna ki sha shayi tukuna, duk kin rame."

"Na ce wa ya juya wayoyin nan?"

"Sito cike yake da injinan bugawarmu, ba mai saye. In ba mu haɗa su da Laylak ba, mutum dubu za su rasa ladan ƙarshen shekara. Ke za ki ciyar da su?"

"To da ka canja bakin filogin gaba ɗaya mana, ya ƙi shiga! Yanzu ka haƙa rami ka shimfiɗa tabarma a kai."

"Ba lokacin wannan. Za a rubuta gargaɗi a jikin kwali."

"Kwali! Yaro ne zai karanta kwali, ko akuyar mai gadi?"

Ta kai ƙara ga darakta, ta kai ga kwamitin jam'iyya mai mulki, ta kai ma'aikatar da ke sama da su. Ko'ina aka ba ta shayi, aka yaba da kishinta, aka ci gaba da ƙira.

Kora daga aiki

A shekarar 1987 aka rarraba Laylak a ɗaruruwan makarantu. Injinan bugawar masana'antar ba su yi wata shida ba suka soma cin takarda suna tsayawa, malamai suka aro wasu suka jona, kwamfutoci suka riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Aka ci tarar malamai, aka sallami wasu, yara kuwa suka koma koyon kwamfuta da alli a jikin allo.

A watan Maris na 1988 aka kafa kwamitin bincike. Sunan Sanobar ne a ƙasan kowane zane, domin waɗanda suka yi sauyin ba su ga dalilin sa nasu ba. Da shugaban kwamitin ya tambayi Rawshan, sai ya dubi tebur ya ce shi mai haɗawa ne kawai, abin da aka zana masa shi yake bi.

Sanobar ta miƙe ta ce, "Kwamared shugaba, a rubuta wannan ma. Shekara goma sha biyar ina zaton da mutum nake zaune, ashe zanen mutum ne."

An kore ta bisa laifin sakaci da rashin ɗa'a. Dattawan unguwa sun yi ta kai da kawo don a sasanta, ta ce musu wanda ya iya kallon tebur a gaban kwamiti zai iya kallon silin shi kaɗai. Auren ya mutu a wannan shekara. 'Yan matan suka bi ta, Jasur ya zauna wurin mahaifinsa.

Shekarun kasuwa

Daga 1989 ta kafa tebur a kasuwar gwanjo da ke gefen layin dogo, inda ta riƙa haɗa wani ɗan ƙaramin akwati da ake sawa tsakanin Laylak da injin bugawa, mai mayar da wayoyin muhallinsu. Malamai suka riƙa zuwa daga Termiz da Karshi da Namangan, ita ma ta riƙa bin motocin haya zuwa ƙauyuka tana farfaɗo da abin da bai gama ƙonewa ba. Ba ta da daɗin ciniki. Ta sha zagin wanda ya zo mata da na'ura cike da ƙura, ta kuma gyara masa kyauta. Fushinta bai tsallake 'ya'yanta ba: shekaru da dama ba ta amsa sallamar Jasur.

Bayan Uzbekistan ta samu 'yancin kai, masana'antar ta durƙushe a shekarar 1994. Rawshan ya buɗe kamfanin shigo da kwamfutoci daga waje, yana tallar su da cewa suna karɓar kowane irin inji, ya kuma samu kwangilar maye gurbin Laylak a makarantun da ya ƙona wa na'urori.

Taron karramawa

A shekarar 2006 aka shirya bikin cikar Laylak shekara ashirin, inda aka gabatar da Rawshan a matsayin uban kwamfutar makarantu. Ba a gayyaci Sanobar ba. Ta zo da tsohuwar Laylak a jaka da injin bugawa na wata masana'anta dabam a hammata, ta dire su a gaban mumbari Rawshan yana tsakiyar jawabi.

"Ranka ya daɗe, uban Laylak, ga 'yarka, ga inji. Jona mu gani!"

Ya yi murmushi ya ce a taimaka wa baiwar Allah ta zauna.

"Jona mana! Ko kana tsoron 'yar cikinka?"

Tsofaffin malaman da ke kujerun baya suka fashe da dariya, wasu suka soma tafi. Masu gadi suka fitar da ita, aka yanke wurin daga abin da aka nuna a talabijin, aka kuma ba Rawshan lambar yabonsa.

Rasuwa

Sanobar ta rasu a Tashkent ranar 9 ga Nuwamba, 2013, sakamakon hawan jini, tana da shekara sittin da huɗu. An yi mata salla a masallacin unguwa bayan azahar, tsofaffin malamai daga larduna suka yi ta karɓa-karɓar makararta har maƙabarta. Rawshan ya halarta, amma da ya karɓi shebur zai zuba ƙasa, sai Jasur ya riƙe ƙotar ya ce, "Baba, bari. Ka yi naka tun tana da rai." Allah ya gafarta mata, ya sanyaya makwancinta.

Ta bar jikoki bakwai da 'ya'ya uku: Feruza, likitar yara a Tashkent; Nodira, malamar lissafi a Kokand; da Jasur, wanda washegarin sadakar uku ya koma bakin aikinsa na mataimakin shugaba a kamfanin mahaifinsa.