Daddoyar Hajja a Bakin Taga

A gidanmu na unguwar Briqueterie, in an idar da sallar isha'i, kakata Hajja takan jawo kurfotin gawayi bakin ɗakinta ta ɗora masara, mu jikoki mu kewaye ta. Sanyin Yaoundé bayan ruwan sama ba ya raga wa tsofaffi. A bayanta gwangwanayen madara ne jere jikin bango, cike da daddoya da attaruhu. Ni take kira maigidanta, kuma ni take fara tuhuma in masara ta yi ƙafa.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani kurege ce, wanda fari ya koro daga ƙasarsu zuwa garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Ya samu ƙwarya, ya cika ta da ƙasa, ya yi shuka. Sai tana, tsutsar ƙasa, ta leƙo ta ba shi shawara ya huda gindin ƙwaryar, shi kuwa ya ce wanda ya san ƙishirwa ba ya huda mazubin ruwa. Safe da yamma yana ban ruwa. Ganye ya fara rawaya, ya ce ƙishi ne, ya ƙara. Haka ya yi ta yi har saiwa ta ruɓe.

Mukan yi ta dariyar wautarsa. Hajja sai ta juya masara ta ce, "Ku dai yi dariya. Kuregen nan danginku ne. Da muka zo daga Katsina, da kirki muka riƙa kashe shuka."

Bayan rasuwarta aka sayar da gidan, na koma bene a unguwar Messa tare da mahaifiyata. Cikin duk shukar Hajja, reshen daddoya ɗaya Inna ta tsira da shi, ta damƙa mini. Na yanke galan ɗin mai, na haɗa ƙasa da takin shanu da wani abokina ya kawo daga unguwar Etoudi, na ajiye a tagar da take samun hantsi. Ban taɓa fashin ban ruwa ba. Da ganye ya soma rawaya kuwa na ninka. Inna ta daina zuwa wajen tagar, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Wata safiya na ɗaga galan ɗin zan share ƙasansa, na ji shi da nauyi, ga wani tsami yana tashi. Sai muryar Hajja ta faɗo mini. Na gasa ƙusa a wuta na huda gindin, baƙin ruwa ya tsiyaye. Na tsinke ruɓaɓɓiyar saiwa, na zuba tsakuwa a ƙasa, na mayar da shukar, na ɗaure hannuna. Wallahi barinta ya fi shayar da ita wuya.

Ranar da na ga sabon toho a gindin reshen, sai da na zauna a gabansa ina kallo.

Yanzu tagar ta cika da na'ana'a da albasa, kowane galan da hujinsa. Da ina yaro na ɗauka Hajja wawa take zagi. Ashe mai tsoron rashi take tausaya wa, irina, wanda kan shaƙe abin da yake so da kulawa. Ran Juma'ar nan Inna ta tsinki ganyen daddoyar da kanta ta sa a miya. Ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Uwata ta shigo gidan nan."