Ɗigon Ruwa a Kafaɗar Rumbu

Wata Alhamis ce a ƙarshen bazara, shekarar da na kai izu goma, Dogo magini ya shigo gidanmu a Maska don duba rumbun da muka yaɓe. Bamaguje ne daga wata unguwa a bayan gari, kuma duk yankin ba a zuba hatsi a rumbu a kwantar da rai sai ya sa masa ido. A cikin namu akwai dawar da za ta kai mu kaka.

A wancan lokacin, da makuba ake kare gini daga ruwa. Mata su daka ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi kwanaki har ruwan ya yi ja, sannan a shafe bango sau uku, kowane shafi sai ya bushe. Baba ya shafe gefen yamma da kansa, ya bar mini gabas, inda ruwan sama yake duka. Na yi shafi ɗaya, na ga launi ya hau, na kifar da sauran a bayan danga, na tafi langa da abokaina.

Dogo bai taɓa bangon ba. Ya tsoma yatsa a ƙwarya, ya ɗiga ruwa a kafaɗar rumbun ta yamma. Ɗigon ya dunƙule kamar dutsen ado, ya gangara bai bar sawu ba. Ya zagayo gabas ya ɗiga. Nan take ya baje, ƙasa ta shanye shi.

"Malam, wannan gefen ƙishirwa yake ji," in ji shi. "Wane gwanin ne ya shafe?"

Baba ya dube ni, ya ce, "Ga shi nan, mai izu goma."

Babu sauran makuba, sabon jiƙo kuma sai kwanaki. Muka jingina zana, amma ruwan farko ya zo da iska, ya kwashe ta. Bangon ya jiƙe har ciki, dammunan da ke jikinsa suka yi fumfuna. Baba bai doke ni ba. Ya ce abin da Allah ya rage mana shi za mu ci, kuma har tsakiyar damina tuwon gidanmu yana warin ruɓa. Ƙannena suna ci suna yamutsa fuska, ba wanda ya kira sunana.

Bara ɗiyata Hadiza, da ke karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu Funtua, ta nuna mini aikinta a kwamfuta. Ta ƙera ɗigon ruwa daga ƙwayoyi masu ƙanƙanta da ido ba ya gani, ta ɗora shi a kan shimfiɗa. Ta ce ƙwayoyin suna jan juna. In shimfiɗar ta fi jan su, ɗigon ya baje, in sun fi jan junansu, ya dunƙule. Na sa ta maimaita a hankali, na rubuta da ajami a bayan littafina.

Yanzu buhu da shagon siminti sun maye rumbu, ɓawon ɗorawa kuma zubar da shi ake yi. Na zauna ina kallon Hadiza tana ɓata ɗigon tana sake ƙera shi, har aka kira la'asar. Ita tana da damar gwadawa sau ɗari. Mu sau ɗaya damina take tambaya.