Ƙarƙashin Teburin Nama

Jiya ma'aikaciyar lafiya ta zo duba gidan abincina a Gate City, nan Amurka. Ta durƙusa ta shafa ƙarƙashin teburin yankan nama. Nan take na tuna wani dattijo da muke kira Baba.

Shi ne duba-gari a garinmu muna yara, mai leƙa randuna da tukwanen masu tuwo. Da ya tsufa ɗansa ya kawo shi nan. Wata Juma'a ya zo cin tuwo, ya shafa teburin nan, ya shinshina yatsansa.

"Ɗana, sama kawai kake wankewa. Ƙasan nan ƙarni yake, kuma 'ya'yan mutane ke ci."

Don mutane na zaune, sai na ɗaga murya: "Baba, nan Amurka ce fa, ba kasuwar ƙauye ba!"

Ya goge yatsan da hankici, ya bar tuwonsa yana tururi. Ban sake zuwa inda yake ba sai ranar jana'izarsa.

Jiya baƙuwar ma'aikaciyar nan ta faɗi irin maganarsa da Turanci, ta cire takardar shaidar tsafta mai makin A daga tagata, ni kuwa ina ta ba ta haƙuri. Shi ban taɓa ba shi ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya sa ka riga ka yafe mini.