Tumatir a Kan Sakaina

Ɗana yana da wani wasa a wayarsa, na tuƙa mota cike da kaya zuwa wani gari. In ta kife, sai ya yi tsaki ya danna, a sake ba shi sabuwa. Duk lokacin da na leƙa sai raina ya ɓaci, shi kuwa yana zaton data nake jin haushin ƙonawa. Yayana nake tunawa.

Yaya bai taɓa yin tsere da kowa ba, don shan inna ya lanƙwashe masa ƙafar hagu tun yana ƙarami. Amma duk wasan da yaran ƙauyenmu suka yi a bakin hanyar ruwa, daga kansa ya fito. Ga iya tsara doka, ga taurin kai. In ka yi masa musu sai ya ce, "To je ka ƙirƙiro naka, mu gani."

Gonar Baba ita ce ta ƙarshe a layinmu, ta wajen Bunkure. Ranar da aka buɗe ƙofar ruwa, sai na gaba sun sha sun ƙoshi kafin ragowar ta gangaro mana. Akwai wani rani da ragowar ma ta daina zuwa. Tumatirinmu ya fara fure, ganyen yana yin yaushi da hantsi, Baba kuma ya rage magana a gida.

A lokacin ne Yaya ya kawo sabon wasa. Kowa zai ɗora tumatir ɗaya a kan sakaina, ya sake ta daga ƙofar ruwa, ya bi ta da karan dawa yana gyara mata hanya har bakin gonarmu. Ba a duba wanda ya riga isa; wanda kayansa ya iso bai faɗa ruwa ba, shi ya ci. Ba a taɓa sakaina da hannu. Amma ciyawa da laka da suka tare hanya, an yarda ka cire su da hannu, da ƙafa, da fartanya ma in ka sato a gida. Shi kuma Yaya zai zauna can ƙarshe ya zama alƙali.

Muka dinga yashe hanyar ruwa muna ihu, muna ganin mun fi kowa wayo. Manya suna wucewa suna sa mana albarka, mu ko a jikinmu. Kullum sakainarmu tana ƙara nisa kaɗan, har ta kai gonar da ke gab da tamu. Nan ta tsaya. Mai gonar ya datse ruwan da buhunan yashi, don shi ma nasa tumatirin yana neman mutuwa. Har yau ban iya jin haushinsa sosai ba, ko da yake na yi ta ƙoƙari.

Sauran yara suka gaji suka koma ƙwallo. Ni kuwa ina hango Yaya zaune a rana, ƙafarsa a miƙe, yana jira. Sai na ɗauki sakainata da hannu biyu, na taka busasshiyar hanyar, na ajiye a gabansa.

"Yaya, ga shi na kawo. Bai faɗi ba."

Ya dubi tumatirin, ya dubi ƙafafuna da babu ko ɗigon laka a jikinsu.

"Mayar da ita," in ji shi. "Ba kai nake jira ka kawo ba. Ruwa nake jira ya kawo."

A nan na gane abin da muka yi ta yi wa aiki duk kwanakin nan, kunya da tausayi suka rufe ni. Na mayar da sakainar bayan buhunan yashi, na tafi gida ina kuka.

Sai da maƙwabcinmu ya gama tsinkar tumatirinsa ya janye buhunan. A lokacin namu ya bushe ƙurmus, har Baba ya ce wa wani Bafulatani ya kawo shanunsa su cinye karmamin. Da safen da ruwan ya sauko, Yaya ya sa na samo sabon tumatir na ɗora, na sake daga ƙofar ruwa. Ban ko ɗaga karana ba, don hanyar fes take, mu muka share ta. Sakainar ta taho a hankali, ta shiga gonar, ta tsaya a tsakanin kofatan shanu.

Yaya ya ja jiki ya ɗauko tumatirin, ya jujjuya shi yana duba ko ya fashe, kamar yadda dokarsa ta ce.

"Ya iso lafiya," ya ce. "Ka ci."

Bai sake tsara wani wasa ba har Allah ya karɓi ransa. Wannan tumatirin shi kaɗai ne ja da aka gani a gonarmu a ranin nan, kuma ko shi roƙonsa na yi a gonar maƙwabci.